Wuƙar Fiɗa

Ni na kawo ƙanena Riyad. Ina aikin ginin ƙasa a Dir'iyya, inda ake tayar da tsofaffin gidajen laka. Kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a takardun zama, ya ce yana son ƙarin hannu, na ce ina da ƙane. Muka zauna ɗaki ɗaya a Ulaisha, mu uku da wani ɗalibi da ke karatun fiƙihu, wanda muke kira Ustaz.

Ƙanena ba ya son laka. Ya gama sakandare, yana ganin kwaɓa ƙasa da ƙafa bai dace da shi ba. Mutanen jiharmu da ke nan suna da ƙungiya, ta taimakon wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu ko wanda ya rasu ba dangi kusa. Da aka zo zaɓen shugaba, ƙanena ya ɗora wa kansa tallar wani Alhaji mai shago a Bataha. Ya rubuta jawabi, ya karanta a gaban mutanen da hankalinsu yake kan farantin shinkafa. Alhaji ya ci zaɓe, domin dama kowa nasa ne. Ƙanena ya sa a ransa shi ya ɗora shi a kujerar, kuma ladansa shi ne a ba shi magatakarda, a mayar da iƙamarsa ƙarƙashin kafilin Alhaji, ya huta da gini.

Alhaji mutumin kirki ne, irin dattawan da bakinsu ba ya iya furta a'a. Duk lokacin da ƙanena ya je, sai ya ba shi shayi, ya ce, "In sha Allahu, ɗana, ka leƙo ni bayan Juma'a." Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san ma'anar wannan magana idan aka maimaita ta. Na gaya wa ƙanena. Ya ce, "Yaya, kai laka ka sani. Da ba zai yi ba, ai da ya faɗa."

Wata Juma'a muna cin abinci, ya dawo daga shagon yana goge takalminsa. Ustaz ya dube shi ya yi dariya.

"Ranka ya daɗe magatakarda. An rantsar da kai, ko har yanzu shayi ne?"

"Ka bari dai ka gani."

"Wallahi an yi irinka a Amurka, a ƙarni na sha tara. Shi ma jawabi ya rubuta, wanda ba kowa ya saurara ba, ya ce shi ya sa shugaban ƙasa ya ci zaɓe. Ya yi ta sintiri a ofis, wai a tura shi Faransa ya wakilci ƙasa, har masu gadi suka gaji da ganinsa."

"Suka ba shi?"

"Ina! Sai ya ce Allah ne ya umarce shi. Ya sayi bindiga, an ce har mai ƙotar hauren giwa ya zaɓa, don ta yi kyau idan an ajiye ta a gidan tarihi. Ya bi shugaban ƙasar har tashar jirgin ƙasa, ya harbe shi ta baya. Mutumin ya daɗe yana jinya kafin ya cika. Shi kuma aka rataye shi."

Muka yi dariya, har da ni. Ƙanena bai yi ba. Ya ce, "Amma ga shi har yau kana ba da labarinsa."

Daga nan ya sauya. Ya rage cin abinci, ya daina zuwa aiki sai na ja shi. Ya ce ana yi masa magana idan ya yi sujada. Ustaz ya yi masa ruƙiyya, ya ɗan lafa, muka gode wa Allah.

Ranar Babbar Salla ƙungiya ta kama wata istiraha a bayan gari, fili mai katanga da rumfa, aka yanka raguna. Ƙanena ya iya fiɗa tun muna gida, shi aka ba wuƙa. Na gan shi yana wasa ta a gefen dakali, ya daɗe yana yi. Alhaji ya sunkuya a kan tabarmar leda yana kasa nama, da sabuwar shaddarsa fara, ya naɗe hannun riga. Ƙanena ya tsaya a bayansa, ya ce, "Alhaji, maganata fa?" Alhaji bai ko ɗago ba, ya ce, "Yau Salla ce, ɗana. Bayan Juma'a."

Ƙanena ya soka masa wuƙar a ƙasan haƙarƙari. Ya zare, ya sake sokawa. Ba a yi ihu nan take ba, domin ko'ina jini ne dama, hannun kowa ja. Alhaji ya kife a kan naman, yana ƙoƙarin dafa ƙasa, hannunsa yana zamewa a kan hanta. Sai wani ya yi salati da ƙarfi. Mutane suka rufe ƙanena da duka, da itacen gashi, da ƙafar kujera. Na faɗa a kansa, aka karya mini yatsu biyu. Da na ɗago fuskarsa, leɓensa ya tsage, haƙoransa na gaba babu. Ya ce mini, "An cika umarni, Yaya."

Alhaji ya yi makonni a asibiti, cikinsa ya kumbura, ya rasu. Kotu ta yanke ƙisasi. Na faɗa wa alƙali abin da na gani na sauyawarsa, amma ƙanena ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, ya bayyana yadda ya shirya tun kafin Salla, tiryan-tiryan.

Abin da ya rage shi ne yafiya daga magada. Babban ɗan Alhaji a nan aka haife shi, Larabci ya fi zama a bakinsa. Na ɗauki dattawa muka je gidansu a Murabba. Na cire hula da takalmi, na durƙusa a bakin ƙofa. Limaminmu ya yi dogon bayani kan falalar afuwa. Yaron ya saurara har ƙarshe, ya zuba mana gahawa da hannunsa, sannan ya dube ni ido cikin ido.

"Ya ammi, baffa, tashi. La. Ba zan yafe ba. Ni na wanke shi, na ga inda wuƙar ta shiga. Kada ku sake dawowa a kan wannan."

Ban ji haushinsa ba. Har yau ban ji ba.

Na ga ƙanena sau da dama a kurkuku cikin shekarun da suka biyo. Ya rame, furfura ta fito masa yana ɗan yaro. Wani lokaci ya yi kuka ya tambayi Inna, wani lokaci ya tambaye ni ko ana maganarsa a gida. Zuwan ƙarshe, kafa goshinsa kawai ya yi a gilashin da ke tsakaninmu.

Ba a sanar da mu rana ba. Ina cikin ramin kwaɓa, laka har gwiwa, wayata ta yi ƙara. Aka ce an zartar da hukuncin da safe, da takobi, an kuma binne shi. Na fito na wanke ƙafafuna a bakin tanki, na zauna a inuwar katanga, na kira gida.

Inna ta ɗauka, na faɗa mata, ina jin kaji a tsakar gida. Ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya samu ya yi salla?"

Na ce, "Ban sani ba, Inna. An ce suna barinsu."

Ta ce, "Kai ka wanke shi?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To, wa ya wanke mini shi?"