Motar da Baba Ya Saya

Ni bakanike ne. Na tsufa kwance a ƙarƙashin motocin mutane a Titin Bauchi da ke Jos, amma duk motocin da na taɓa sa wa hannu babu wadda ta ci mini rai kamar wata da tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba.

Ɗana na fari ba a hannuna ya tashi ba. Ana yaye shi Inna, mahaifiyarmu, ta sa aka kai shi Bukuru wurin Yaya, wanda ya daɗe da aure Allah bai ba shi haihuwa ba. Ba wanda ya nemi shawarata. A gidanmu ɗan fari ba naka ba ne: ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa gaban manya, in ya faɗi a gabanka sai ka kau da kai har wani ya zo ya ɗaga shi. Wannan ita ake kira kunya, kuma ana yabon mutum da ita. Ni kam na sha yabo. Yaron ya tashi yana ce wa Yaya Baba, ni kuwa Baban Gareji, kamar dai yadda ake cewa mai shayin bakin tasha. Ya san ni na haife shi, an gaya masa, amma sani ne irin na karatun makaranta.

Yana shekara tara aka kawo shi hutu na kwana uku, ya biyo ni gareji. Ranar wani malamin jami'a ya kawo motarsa a duba burki, ya zo da ɗansa riƙe da motar wasa mai rimot, ja, tana sheƙi. Ina ƙarƙashin mota, ƙafafu kawai nake gani. Na ga ƙafafun ɗana suna bin motar nan duk inda ta yi, ba ya kusanta, ba ya nisa. Ba a yi minti goma ba ta daki wani dutse, tayar gaba ta cire ta gangara kwata. Ɗan malamin ya yar da rimot yana kuka. Shi kuwa nawa ya je ya tsamo tayar, ya goge ta da rigarsa, na ji ya ce a hankali, ba da kowa ba, "Da tawa ce, ba zan bari ta karye ba."

Sifana na hannuna, na kasa ɗaure notin da nake ɗaurewa. Yaron nan bai taɓa roƙona komai ba, ko alewa. Wannan ma ba roƙo ba ne, amma ni na ji.

Sati uku na yi ina zagayen kasuwa. Wanda ya san Jos ya san ba garin motar kwali ba ne. Unguwar su Yaya duk tsakuwa ce da duwatsu da tudun ƙasar da masu haƙar kuza suka bari, ga ruwan damina da ke saukowa ba sallama. Yawancin abin da aka nuna mini shara ce mai fitila: tana kiɗa, tana walƙiya, ka matsa bodin da yatsa ka ji yana ƙas-ƙas kamar ɓawon gyaɗa. Masu shaguna suka fara gane ni. Ina shiga za a ce ga mai latse-latsen nan ya dawo. Ban damu ba. Mai koyo ba gudu yake bukata ba, mota yake bukata wadda za ta daki bango sau ɗari ta juyo tana jiran na ɗari da ɗaya.

A ƙarshe na same ta a shagon wata mata 'yar asalin Filato, mai sayar da kayan yara a kusa da kasuwar Taminus, can saman kanta inda ƙura ta rufe kwalin. Babbar akori-kura ce, koriya, ba kyan gani. Na ce a sauko da ita. Na juya cikinta na ga ƙafa huɗun duk suna ja. Na danna ta ƙasa, sifirin ya dawo da ita a hankali, ba tsalle ba. Robar bodin tana lanƙwasa ta koma, ba ta tsagewa. Na fito da ƙaramin sukundireba daga aljihu.

"Oga, me kana yi?" in ji matar. "Za ka yi ma kaya na tiyata ne?"

"Madam, giya zan duba. In roba ce ba na so."

"Abeg, wannan mota yana da ƙarfi. Yaro na yana da irin shi, ya jefa shi a ruwa, bai mutu ba."

Giyar ƙarfe ce. Akwatin batir yana da roba a bakinsa don kada ruwa ya shiga, batirin na caji ne, kuma a jikin rimot akwai ɗan maɓalli da ke rage gudu don mai koyo. Na tambaye ta ko ana samun tayarta da ƙafarta in sun lalace, ta jawo wata leda cike da su. Sai na ɗaga motar daidai ƙuguna na sake ta a kan siminti. Matar ta dafa ƙirji ta kira sunan Ubangiji. Motar ta yi tsalle ta zauna daram.

"Wannan yaro yana da sa'a," ta ce tana ɗaure kwalin. "Baba kamar kai ba shi da yawa."

Wallahi maganar nan na riƙe ta har Bukuru ina juya ta a raina. Ko uwarsa ban gaya wa ba. A gareji na ɓoye kwalin, na yi mata caji, na sa maɓallin a ƙaramin gudu, na bi kowane noti na ƙara ɗaurewa. A cikin bas na rungume ta a cinya ina tsara yadda zan yi: zan kira shi gefe, in durƙusa, in nuna masa gaba da baya, in gaya masa a saki yatsa kafin kwana. Da ni da shi kawai.

Na tarar da su duka a tsakar gida. Inna na kan tabarma tana jan carbi, Yaya na gefe yana cin dafaffen dankali, yaron yana wanke kwanuka bakin rijiya. Na gaishe su. Na zauna da kwali a gabana. Inna ta dubi kwalin, ta dube ni, irin kallon nan da ta saba yi mini tun ina yaro in na miƙa hannu cikin kwanon manya. Mutum mai gemu, mai yara shida a ƙarƙashinsa a gareji, na kasa kiran ɗan da na haifa ya zo ya karɓi abin da na sayo masa. Na tura kwalin gaban Yaya na ce, "Ga wannan, a ba yaran gida."

Yaran gida. Yaro ɗaya ne tak a gidan.

Yaya ya goge hannu, ya buɗe, ya ɗaga murya. "Kai, zo ka ga abin da ka samu."

Yaron ya zo da kumfa a hannu. Ya tsaya. Ya dubi motar, ya dubi Yaya, sai ya faɗa jikinsa. "Baba! Na gode Baba! Ya aka yi ka sani?"

Na jira. Kalma huɗu kawai ake bukata: ba ni ba ne. Yaya ya shafa kansa ya yi dariya ya ce, "Uba ai ba ya rasa sanin abin da ɗansa ke so." Inna ta gyaɗa kai, ta juyo gare ni ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ka san ya kamata." Ni kuwa na sa ido a bango ina ƙirga layin bulo. Daga baya na ji ƙarar motar a waje tana hawan tsakuwa, ana ihu, yaran unguwa sun taru. Ban fita ba. Fita kallo ma rashin kunya ne.

Da Yaya ya rako ni bakin titi na yi ta-maza na ce, "Yaya, da an gaya masa." Ya dube ni da mamaki na gaske. "Wai me? Ni da kai akwai bambanci ne? Abinka ai nawa ne." Haka ne. Abina nasa ne. Ban dai taɓa ganin ranar da nasa ya zama nawa ba.

Da na sayi ta banza, da cikin sati ta karye an manta. Amma na zaɓi mai ƙarko, sai ƙaryar ma ta yi ƙarko. Motar nan ta hau duk wani tudu da ke Bukuru, ta faɗa kududdufi an tsamo ta, akuya ta taka ta, ta ƙi mutuwa. In wani abu ya ɗan samu matsala, batir ya gaji ko ƙafa ta goce, sai in ga Yaya ya sauko daga bas da ita a cikin buhun shinkafa. "Ga motar yaronka, a duba." A nan kaɗai yake zama yarona. In gyara, ya mayar, a ce Baba ya gyara. Yaya fa tela ne, Allah ya ji ƙansa, mutumin da in ka ce ya miƙo sifana mai lamba goma sai ya miƙo maka filaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai lokacin da sandar da ke juya tayar gaba ta karye, kuma matar nan ta tashi daga shagon, ba a samun kayan. Na yanko guntun ƙarfen lema, na lanƙwasa shi, na naɗe mahaɗar da jar waya da na zare daga tsohon kwayil, naɗi bakwai, na ɗiga mata dalma. Rabin yini na ɓata a kai, mai tasi yana tsaye yana zagina a kan motarsa. Ina naɗawa ina cewa a raina wata rana zai buɗe ya gane wannan ba aikin tela ba ne.

Kada a ce Yaya mugu ne. Ya riƙe yaron da amana, ya yi masa karatu, bai taɓa bari ya kwana da yunwa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, ba ni da inda zan kai ƙara. Na yi fushi da Inna har ta koma ga Allah ban furta ba. Na yi fushi da Yaya. Amma in zan faɗi gaskiya, wanda na fi jin haushi shi ne mutumin nan da ya zauna yana ƙirga bulo. Sau nawa na shirya faɗa. Yana sakandare na ce bari ya gama jarrabawa. Ya gama na ce yanzu kuma ai ya girma, wane babba ne zai tayar da maganar motar wasa. Da-na-sani ƙeya ce.

Bara Yaya ya rasu, ciwon kwana biyu. Bayan an yi arba'in, wata safiya mai sanyi ina shan shayi a bakin gareji, sai ga saurayi ya tsallako titi daga wajen jami'a, inda yake karatu yanzu, da jaka a kafaɗa. Tafiyarsa irin tawa ce sak, kowa na faɗa, ni dai ban taɓa amsawa ba. Ya durƙusa ya gaishe ni. Ya buɗe jakar ya fito da motar. Koren ya koɗe, bamba ta sha duka, amma tayoyin nan huɗu suna nan.

"Baban Gareji, ta daina tashi," ya ce. "Da Baba ne yake gyara mini da kansa. Yanzu ba shi. Na ce ko za ku iya gwadawa."

Ko zan iya gwadawa.

Na karɓa na ɗora a kan benci. Hannuna ya san kowane noti, ban ko duba ba na kwance su. Waya ce ɗaya ta saki daga jikin batir, aikin minti biyu. Yana tsaye a kaina yana kallo, kusa da ni yadda bai taɓa tsayawa ba, har ina jin numfashinsa. Na ce a raina yau ne. Inna ba ta nan, Yaya ba ya nan, babu idon da zan ji wa kunya. Na buɗe baki.

Sai ya miƙo yatsa ya taɓa jar wayar nan mai naɗi bakwai.

"Don Allah kada a taɓa wannan. Hannun Baba ne. Duk abin da ya bari, ita kaɗai ce nake dubawa in ga ya zauna ya ɓata lokacinsa saboda ni."

Na dubi wayar. In na yi magana yanzu, ba uba zan ba shi ba, wanda yake da shi zan ƙwace, in tono mamaci in kira shi maƙaryaci a gaban ɗan da ke kukansa. Wancan karon kunya ce ta rufe mini baki. Wannan karon ban san sunan abin ba.

Na haɗa wayar batir, na mayar da bodi, na ajiye ta ƙasa. Ya danna rimot, ta zabura ta haye tarin tsakuwar bakin kwata kamar jiya aka sayo ta. Ya yi dariya da hawaye a fuska.

"Shekara goma fa," ya ce. "Baba ya iya zaɓe."

"Ya iya," na ce.