Furosesan da Ya Ƙi Allona

Jama'a, kyautar da aka kawo mini yau a gidan wani za ta kwana!

Kawu Sale ya dawo daga Jidda bayan la'asar, ya miƙo mini ƙaramin kwali. Furosesa 386 ne, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, sabo fil! Tun bara nake haɗa kwamfuta a ɗakina a unguwar Awali, shi kaɗai ya rage mini. Na ɗauko babban allon da ake dasa shi a kai, na gwada. Ya ƙi zama! Ƙafafunsa sun fi ramukan yawa. Ashe allona na tsohon samfuri ne, 286.

Sai ga Bashir ɗan goggona, wanda ko sukudireba bai iya riƙewa ba. Ya ce, "Akwai wani allo da na tsinta a gwanjo, bari in ɗauko."

Ya kawo. Furosesan ya zauna daram!

Kawu ya ce, "Halas, shi ke nan, tunda nasa ya karɓa, bar masa."

Na ce, "Kawu, ni fa ka sayo wa!"

Ya ce, "To a aljihunka za ka kunna shi?"

Bashir ya dafa kafaɗata yana murmushi, ya ce, "Gobe ka zo ka haɗa mini, kai ne gwani. In ta tashi, zan riƙa barinka ka taɓa."