Farar rigar Kawu Iro

Duk wanda ya san Kawu Iro ya san bai taɓa gama cin abinci a zaune ba. Zai karɓi kwano, ya kai loma, ya miƙe ya leƙa taga, ya gyara miki labulen da ba ki ce a gyara ba. In kin ce, "Kawu, ga kujera," sai ya ce, "Ni ba maras lafiya ba ne." Mutumin Damagaram ne, tsohon ɗan sikawut, kuma shi ya kafa wa yaranmu na Greensboro, nan Amurka, ƙungiyar Samarin Amana a garejinsa.

Ni kuwa lokacin Sadiku ɗana ya ishe ni da tunani. Ya shiga samartaka, ya daina Hausa gaba ɗaya. Kakarsa ta kira daga Kano, ya ce mata "hai" da Turanci ya miƙo min waya. Na ga yaro na zame min daga hannu ina kallo. Shi ya sa na kai shi wajen Kawu.

To, ƙungiyar komai nata da ma'ana. Sabon shiga sai ya ratsa farfajiya da buta cike taf, ba a yarda ɗigo ya zuba ba. Wai amana ke nan. Sai ya ciji goro, ɗaci kafin zaƙi. Goron ma na shagon Gate City ne, ya bushe kamar tsakuwa. Ɗan Hajiya Rabi ya ciza, ƙarfen gyaran haƙoransa ya ɓalle. Ta zo tana sababi.

"Malam, me wannan kuma yake nufi?"

"Yana nufin haƙoran Amurka ba su da ƙwari, Hajiya."

Akwai wata igiya da suke riƙewa a da'ira. Bara zumunci ce, bana biyayyar iyaye. Na ce, "Kawu, wai wanne ne?" Ya ce, "Igiya ce fa, tana da tsawo."

Babbar dokarsa, a cikin gareji kunnensa ba ya jin Turanci. Mutumin da ke ciniki da Turawa a wajen sayar da motoci!

Sai ranar rantsar da sababbi. Kawu ya fito da kayan da ya ɗinka da kansa a ɓoye: fararen riguna har ƙasa, kowacce da hula mai tsini irin ta alkyabba. Wai fari tsarkin zuciya, tsini kuma buri ya dubi sama. Za su yi jerin gwano a titin unguwa, na gaba riƙe da wuta a sanda. Mu iyaye har mun fara "Masha Allah". Yaran da aka haifa nan kuwa duk sun daskare. Suka rikice da Turanci, kowa na ihu. Kawu yana ta kai da kawo, ya ce, "Iska nake ji."

Sai na ji murya a bayana.

"Kawu... wannan riga... mugaye. Masu ƙona gidan baƙaƙe. A nan garin, Kawu. Za a kira 'yan sanda. Don Allah kar mu sa."

Sadiku ne. Hausar a karkace, amma wallahi Hausa ce. Ashe rigunan sak shigar wata ƙungiyar Turawa masu ƙin baƙar fata ne.

Kawu ya tsaya cak, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce da ɗan Faransancinsu na Nijar, "Bon. Ashe kana da baki."

Zubar da yadi kuma? Haram a wajensa. Ya yanke tsinin, ya kwaso rigunan ya zuba su da shuni a injin wankina, ni da ban ji ba ban gani ba. Suka fito shuɗaye, ya ɗaga ɗaya ya ce, "Shuɗi haƙuri ne. Da ma nan na nufa." Shunin ya kama injin, maigidana ya daɗe yana zuwa Juma'a da singileti mai launin haƙuri.

Ranar da Kawu ya rasu, manya duk suka kasa kiran yayarsa a Damagaram, tsohuwar da ba ta jin komai sai Hausa. Sadiku ya karɓi wayar ya shiga ɗaki. Ina bakin ƙofa na ji yana cewa, "Inna, ki yi haƙuri. Ni ɗansa ne na nan." Ya daɗe tare da ita, tana kuka yana rarrashi.

Allah Ya jiƙan Kawu Iro, Ya yafe masa, Ya haskaka makwancinsa. Yadda ya riƙe mana 'ya'ya, Allah Ka riƙe shi da rahamarKa. Amin.