Tsinken Azurfar Inna

Shekarar da Inna ta tashi daga doguwar jinya, gashinta bai tashi tare da ita ba. Labari nake ji daga masu zuwa kasuwa, don a lokacin ina aure a Kankiya, ita tana gida Kusada. Turawa ne ke mulki, manyan motocin gyaɗa suna bi ta bakin gari, maigidana kuma yana gyaran kekuna a gefen hanya. Rufin asiri dai alhamdu lillahi, ba mu nemi komai mun rasa ba.

Inna mace ce mai son kwalliya, ba ta kuma ɓoye hakan. Doka take kitsawa, ta soke ta da tsinken azurfa da ta gada daga mahaifiyarta. Kansa faffaɗa ne kamar ganyen magarya, da zane-zane ƙanana, jelarsa kuma ta ɗan fi yatsa tsawo. In ta sunkuya tana daka sai ya riƙa walƙiya. Matan unguwarmu kan ce ko a taron suna ka hango tsinken nan, ka san wadda ta iso.

Bayan kaka ta zo mini a kan jaki, ana gobe kasuwa, da ƙullin daddawa da kuka. Ta rame, amma bakin yana nan yadda na san shi. Tun daga zaure ta fara kushe sharar tsakar gidana. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kallabinta. Ta ɗaure shi tamau har ya rufe kunnuwa, ga zafi, amma ko da za ta yi alwala sai ta juya mini baya ta cusa hannu ta ƙarƙashi.

Ni ce 'yar fari a wurinta, saboda haka tsakaninmu akwai kunya. Ba ta kiran sunana, "ke" take ce mini. Ba ta yaba mini a gabana, ni ma ba na tambayarta abin da ke damunta kai tsaye. Haka kowace uwa take yi a garinmu, ban taɓa ɗaukarsa ƙiyayya ba. Sai dai kunyar Inna ta fi ta kowa kauri.

Da safe, bayan mun sha koko, ta kwance bakin zanenta ta ajiye tsinken a kan tabarma, kamar wadda ta tsince shi a hanya. Ta ce in kasuwa ta ci za ta kai wa maƙerin farfaru ya narkar, ya yi wa jikoki zobba. Ta ce abin da ba ya da wurin zama a jiki, ajiye shi wahala ce, wata rana ɓata zai yi. Tana magana tana kallon kaji, amma babban yatsanta bai bar kan tsinken ba, sai shafa zanen take yi.

Raina ya ɓaci, ban kuma iya ɓoyewa ba. Na san aikin maƙeran farfaru, don gidanmu na Kusada katanga ɗaya ce da maƙera. Tsohuwar azurfa in ta shiga hannunsu, tukunyar narki take faɗawa, ta fito sabon abu. Sana'arsu ce, ba laifi ba ne. Amma zanen da hannun kakata ya goge har ya yi santsi, wannan ba mai iya mayar da shi. Inna ma ta sani. Ba zobba take so ba, ta dai rasa yadda za ta yi da abin da kanta ba zai ƙara riƙewa ba.

Na ce mata in kai ya ƙi, ai wuya yana nan. A nannaɗe jelar ta zama 'yar ƙawanya, a zura zare, a rataya. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Yaushe kika zama maƙeriya? Halan auren mai keke ya sa miki karambani."

Ba ta ce e ba, amma ba ta ɗauke tsinken ba. A wurin Inna wannan izini ne.

Kafin maigida ya fita na roƙe shi ƙaramar filayarsa. Ya yi dariya ya ce in na lalata kayan surukarsa, shi ba ya nan aka yi. Na hura gawayi a kasko, na ajiye ƙwaryar ruwa kusa, na ɗauko mazarin da nake kaɗi da shi. Abin da na tuna tun ina yarinya shi ne, azurfa in ta tsufa taurin kai gare ta. Ka lanƙwasa ta da sanyi, ta karye. Sai an gasa ta ta yi ɗan ja, a tsoma a ruwa, sannan ta yi laushi ta bi hannu. In kuma wuta ta yi yawa, siririyar jela irin wannan narkewa za ta yi a gaban idonka. Abin da ban sani ba shi ne inda iyakar take, don kallo kawai na taɓa yi.

Inna ta jawo faifan gero ta zauna ta ba ni baya, wai tsinta take yi. Geron nan kuwa na riga na tsince shi tun jiya. Na kama kan tsinken da filaya, na kwantar da jelar a kan garwashi, ina fifita a hankali. Na ji tsoro sosai. Zufa tana shiga mini ido, azurfar kuma ta yi baƙi ƙirin, ta ƙi yin ja. Na cire, na duba, na mayar, na ƙara gawayi.

"In ba ƙira, mi ya ci gawayi?" in ji Inna, tana yi wa wata kaza magana.

Na ja kaskon zuwa inuwar rumfa, sai ga shi ashe ta yi jan, hasken rana ne ya hana ni gani. Na yi maza na tsoma a ruwa, ya yi cuu. Faifan Inna ya tsaya cak. Ba ta waiwayo ba, amma na ji ta ce, can ƙasa-ƙasa, kada a yanke ko kaɗan. Dama ban yi niyyar yankewa ba.

Na goga tsinin a kan dutsen niƙa har ya dakushe, don kada ya soke ta a ƙirji. Sannan na ɗora jelar a jikin sandar mazari na fara murɗawa. Zagayen farko ya bi lafiya. A na biyu na ji ta fara tauri a hannuna, sai na haƙura na mayar da ita wuta. Haka na yi ta yi, in gasa in murɗa, har jelar ta ƙare, ta nannaɗu kamar hannun kabewa. Bai yi daidai irin na maƙera ba, gefe ɗaya ya ɗan karkace, har yau ina jin haushin wannan karkacewar. Amma bai karye ba, ko ƙwayar gero ban yanke a jikinsa ba.

Na wanke shi da lemun tsami da toka, baƙin ya fita, zanen ya bayyana tas. Na tufka baƙin zare riɓi uku na zura. Da na ɗaga sai na lura da abin da ban yi tunaninsa ba. Tunda ta jela yake rataye, kan ya koma ƙasa, zanen duk ya kife. Na miƙa mata hannu biyu, ina jiran faɗa.

Ta juya shi a tafin hannunta, ta daɗe tana kallo.

"Ya sunkuyar da kai," ta ce. "To ai kowa ya tsuhwa haka shika yi."

Zaren na yi shi gajere, ba zai shiga ta kai ba, sai an ɗaure ta baya. Ta gwada da kanta, jelar kallabin tana tare mata hannu. Na miƙe zan shiga ɗaki in ba ta wuri. Sai ta ce, "Ke, zo nan." Ta sa hannu ta warware kallabin gaba ɗaya, ta ajiye a cinya, ta sunkuyar mini da wuya.

Kan ya kwashe kusan duka. Ɗan abin da ya fara tsirowa fari ne fat, mai laushi kamar na jariri. Idona ya cika, na gode Allah da ta ba ni baya. Na ɗaure zaren, na ƙara ƙulli, na gyara masa zama. Ta taɓa shi a ƙirjinta, ta ce in kawo madubi. Ta duba ta dama, ta duba ta hagu, har da ɗan gyara kafaɗa irin na da.

Can muka jiyo kasuwa ta fara ci. Na tambaye ta ko har yanzu za ta leƙa. Ta ce mi za ta yo can, ita da ba ta da saye ba ta da sayarwa. Ta gyara zama a kan tabarma, ta miƙe ƙafafu, kallabin yana nan a cinyarta.

"Ɗauko man shanu," ta ce. "Duba mani kan nan ki gani, ko akwai abin kamawa."

Akwai, ɗan kaɗan ta wajen ƙeya. Na durƙusa a bayanta na fara tsaga gashin don kitso.