Idan Na Faɗi, Ku Bar Ni Kwance

"Malama Rabi, kina ji na? Ku ɗaga ta zaune, kar ta koma ƙasa!"

Muryar Iya Talatu ce, shugabar mata masu ɗaure kaya a kamfanin robobin da nake aiki a Challawa. Na buɗe ido, albasa a hancina, hijabina sharkaf. Suka tashe ni zaune, na sake sumewa.

Wata huɗu ban ce muku komai a shafin nan ba. Ga dalili.

Aikina duba ingancin kaya, a tsaye kusa da inji mai zafi tun safe. Zufa ke fara zuwa, kunnuwa su toshe, gani ya dushe. Sau uku ina faɗuwa, kullum mutanen kirki na rububin ɗaga ni. A wurinmu, barin mutum kwance a ƙasa rashin imani ne.

A motar ma'aikata ta Panshekara aka fara gano ciwona: iska ce. 'Yan boko suka ce farfaɗiya. Manaja ya zaɓi na biyun.

"Ki huta a gida sai mun ga takardar likita. Inji ba ya tausayi."

Na san ma'anar irin wannan hutun.

Sai layin asibiti: gwajin jini, awon zuciya, hoton ƙwaƙwalwa. Duk lafiya. Ban taɓa jin haushin kalmar nan haka ba. Mama ta kawo rubutu a gora, na shanye ban yi gardama ba. Tsoro nake ji ƙwarai.

Daga ƙarshe wata likitar zuciya ta saurare ni dalla-dalla.

"Ba farfaɗiya ba ce," in ji ta. "Jijiyoyin jini ke saki, zuciya ta rage gudu, jini ya kasa isa kai. Kwanciya ce ke dawo da shi. Masu tashinki zaune su ke mayar da ke."

Ta ambaci wani sinadarin jini, adinosin, da kan yi yawa a wasu masu irin sumana. Na ce a auna nawa. Ta yi dariya.

"Ba ma auna shi a nan. Ki sha ruwa sosai, da kin ji alama ki kwanta."

Da na faɗa wa Iya Talatu sai ta riƙe baki. "Ashe mu muke ƙara miki?"

"Iya, ai ku kuke fara isowa."

Alhamdu lillahi, wata biyu ban faɗi ba. Na gode wa Mama, da Iya, da ku masu tambayata. Idan wani ya sume a gabanku, ku bar shi kwance, ku ɗaga ƙafafunsa, kar ku ɗura masa ruwa. In ya farfaɗo, ku kai shi asibiti, don wani suman daga zuciya yake.

Jiya na kai takardar likita, wadda ta ce a ba ni wurin zama a bakin aiki. Manaja ya karanta sau biyu, kamar mai neman kuskure.

"Wai kujera kawai?"

"Da gorar ruwa, ranka ya daɗe."

Ya sa hannu. "Litinin, ƙarfe bakwai."

Na ja masa ƙofa a hankali, na fita neman adaidaita.