Na-Kwara Ya Ga Kwara

Ana idar da sallar asuba muka bar Kutama, mu uku, za mu Ilori sarin goro. Ni aka ɗauka jagora, don shekara talatin ke nan ƙasar Gwarzo na kirana Na-Kwara. Abin da abokan tafiyata ba su sani ba, ban taɓa ganin kogin Kwara ba. Ina saurayi na bi fatake, na ga wani ruwa a Zungeru, na tsorata na juyo gida na ce na haye Kwara. Da wani maƙeri a Masanawa, wanda ya haye ta da gaske, ya ce akwai dutse a tsakiyar ruwan, na ƙaryata shi a gaban dagaci. Tun ranar ake masa laƙabi Dutse-a-Ruwa, har jikokinsa ba su tsira ba.

A Kabo muka sha furar kwabo, muka hau mota zuwa Kano, muka shiga jirgin ƙasa. Benci ya ci mana ƙugu, hayaƙi ya rina mana rawani, ni kuwa kowace tasha sai na yi bayani kamar ni na shimfiɗa dogon.

A Zungeru na hango ruwana, na miƙe na ce, "Ga Kwara!"

Wata Banufiya mai tallan kifi ta ce, "Baba, zauna. Kaduna ce wannan, 'yar aike. Maigidan yana gaba."

Na ce ai gwada su nake yi.

Da hantsi muka hau gadar Jeba. Ruwa gabas, ruwa yamma, ga dutse tsaye a tsakiya, ƙato. Ɗaya daga abokaina ya taɓo ni. "Baba Na-Kwara, wancan fa?"

Na ce, "Wataƙila bayan tafiyata ya tsiro."

Da muka sauka a tashar Jeba, wani tsoho mai kwalekwale ya ce su Nufawa Edu suke ce wa ruwan, amma in suna kansa sai su ce Ndaduma, su kira shi uba don girmamawa. Yarabawa na cewa Oya, akawun tasha kuma Neja. Na tambaye shi ma'anar Kwara. Ya ce, "Kai da ake kiranka da ita, ni za ka tambaya?" A gida nakan ce sunan wata sarauniya ne. Ranar sai na sayi busasshen kifi na wuce.

Da muka dawo ban shiga gida ba, na zarce Masanawa da busasshen kifi. A bakin maƙera, gaban jama'a, na faɗi komai, na roƙi gafara. Tafiyar nan ta nuna mini kogi na ɗaukar suna biyar ba ya jin nauyi, ni kuwa guda ɗaya na ara, ya danne wani bawan Allah shekara talatin.

Maƙerin ya ajiye guduma, ya tambaye ni:

"Dutsen yana nan?"

"Yana nan, Malam."

"Alhamdu lillahi. Wallahi ni ma har na fara shakka."