Yaron da Ke Tsayawa a Bakin Taga

Ɗan farina ba a ɗakina ya tashi ba. Ana yaye shi kakarsa, uwar mijina, ta ɗauke shi, kamar yadda aka saba a gidansu, a wani ƙauye gefen Gafasa. Tsakar gidanmu ɗaya, amma ba na kiran sunansa, ba na yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ya kurje gwiwa sai dai in kau da kai wata ta ɗaga shi. Kunyar ɗan fari ke nan. Shi ma Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannen mijina suna faɗa. Ni 'yar Gaya ce, a can na gama sakandare, kuma a gidanmu ma ana wannan kunyar, don haka ban taɓa ɗaukarta wani abu ba.

Yana aji uku aka fara kawo ƙararsa. Wai ba ya zama. Malami na rubutu a allo, shi yana dukan benci da dunduniya. Ana maimaita karatu baki ɗaya, shi yana mutsu-mutsu. Da an ɗan jima sai ya miƙe ya tafi bakin taga ya tsaya. An yi bulala, an sa shi tsallen kwaɗo, an dawo da shi gaba daf da teburin malami, duk a banza. Malamin nan bawan Allah ne, ba mugu ba. Aji cike da yara har ƙasa, ga shi shi kaɗai. Da kansa ya hawo keke ya zo ƙofar gida, ya gaya wa surukina yana zaton yaron na da larurar rashin tattara hankali, in da hali a kai shi asibiti Kano a duba shi.

Kakarsa ta ce babu wani asibiti, iska ce ta shafe shi a gindin tsamiyar hanyar makaranta. Aka shiga hayaƙi da rubutun sha. Yaro ya shaƙa, ya yi ta tari har idonsa ya yi ja, gari na wayewa ya koma bakin tagarsa.

Da yamma ina ɓarar gyaɗa kusa da turken awaki, nan yake zuwa da kara a hannu yana koya wa awaki karatu. Da fari dariya nake yi a ciki. Ran nan sai na kasa kunne. Lissafin rabawa yake musu, irin dogon nan mai saura, yana zanawa a ƙasa, ya share da ƙafa ya sake wani. Daga nan ya koma ba su labarin yadda ruwa ke tashi sama ya zama girgije ya sake saukowa. Wallahi na yi mamaki, don na san wannan ba karatun aji uku ba ne. Na kira 'yar maƙwabtanmu da ke aji biyar na tambaye ta. Ta ce ai tagar ajinsu na kallon ta 'yan aji uku, kullum suna hango shi a tsaye yana motsa baki, wani lokacin ma ya riga su ba da amsa su yi ta dariya.

Ashe nasu karatun tun faɗar farko yake ɗaukewa, sauran maimaicin duk azaba ne a wurinsa. Yaro yana neman ƙari, mu muna turara shi da hayaƙi!

Na gaya wa mijina a ɗaki. Ya ce, "To ni ya zan yi? Yaron nan na Baba ne da Inna." Gaskiya ya faɗa, kunyar da ta ɗaure ni shi ma ta ɗaure shi. Amma na ji haushinsa ranar, har tuwon da na kai masa dangwarar da shi na yi.

Da aka fara yankan gero, surukina ya shigo tsakar gida bayan la'asar, aka shimfiɗa masa tabarma. Ya ce ya gaji da karɓar ƙara. In kan yaro ba na boko ba ne, ba dole. Daga wannan hutun ya zauna gida, ya riƙa bin ƙannen ubansa gona yana kula da shanun huɗa, Islamiyya ta ishe shi. Kowa ya ce to. Mijina ya sunkuyar da kai. Ina bakin murhu da muciya a hannu, na kuma san maganar tsohon nan in ta kwana ta zauna.

Na ajiye muciyar, na gyara mayafi, na je na durƙusa.

"Baba, ku gafarce ni, ina da magana."

Na kira sunan yaron, ɓaro-ɓaro, a gaban kowa. Na ce lafiyarsa ƙalau, ba iska ba larura, karatun ne ya yi masa kaɗan. Na faɗi abin da na ji a turken awaki, na faɗi zancen tagar.

Matar ƙanin mijina ta riƙe baki. Inna ta ce, "Ke! A gaban surukinki? Ɗan fari guda? La'ilaha illallahu, duniya ta zo ƙarshe."

Tsohon ya dube ni ya ce, "Kin tabbata, ko dai son ɗa ne?"

Na ce, "Baba, son ɗa ne, ba zan ɓoye muku ba. Amma a gwada shi. In ƙarya nake, ku yi yadda kuka ce."

Ya tashi ya fita. Sai dai washegari ya sa babbar rigarsa ya tafi wajen hedimasta da kansa. Aka zaunar da yaron a aji biyar don a gani. Bai daina kaɗa ƙafa ba, wannan kam har gobe, amma bai sake zuwa bakin taga ba. Malamin aji uku ya fi kowa murna, har gida ya zo ya ce Allah ya sa ba a kai ga cire shi ba. Hedimasta ya ba da shawarar a mayar da shi Gaya, inda zai samu malamai da littattafan da za su ishe shi, Baba kuma ya ce ya tafi ya zauna wajen yayana.

Ni kuwa na sha magana. A gidan suna ko biki da na shiga sai a fara, "A matsa, ga mai ɗa nan ta iso." Inna ta daina amsa gaisuwata sai da ka. Oho dai, in ji ni, amma abin yana cina.

Ran tafiyar, yayana ya zo da babur da hantsi. Aka ɗaure kayan yaron a baya. Tunda na riga na ajiye kunyar, na biyo su har zaure. Yaron ya juyo ya ce, "Yaya, in can ma suka ce na cika motsi fa?"

Na ce, "Ka ce musu ka gama, su ƙaro maka wani."

Babur ya tashi. Na koma ɗaki na kifa kai a gado na yi ta kuka, don ni na nema masa makaranta, kuma ni na jawo aka ɗauke shi daga gabana. Ina cikin haka na ji an ɗaga labule. Inna ce, wadda tun da aka kawo ni gidan ba ta taɓa shiga ɗakina ba. Ta zauna a bakin ƙofa ta miƙe ƙafa, ba ta dube ni ba.

Ta ce, "Mijinki ma haka yake da yana yaro. Sak. A wannan tsakar gidan aka ce a cire shi daga makaranta, ina zaune ina tankaɗe. Na san kansa yana ja, wallahi na sani." Ta goge ido da bakin zane. "Ɗan farina ne. Ban ce komai ba."